Jegon Baturiya a Ɗakin Gwaggo Dije

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar Talatar da wata macen ɓera ta kuɓuce daga hannuna ta faɗa ɗakin Gwaggo Dije, wannan kam ba ta taɓa barin raina ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in tattara komatsaina in bar muku wurin, to shi zan ba ku. Wanda ya ga abin dariya a ciki ya yi dariyarsa. Ni dai lokacin da abin yake faruwa ko murmushi ban yi ba.

A lokacin ina mataki na shida, ni ne mai kula da ɗakin kiwo. Saboda baƙin da ke cikinmu yau, bari in ɗan yi bayani. A wannan cibiya ana ajiye macizai, kububuwa da kasa da gamsheƙa, ana tatsar dafinsu don binciken maganin sara. Maciji kuwa ba ya cin dusa. Shi ya sa aka ware ɗaki guda ana kiwon fararen ɓeraye, su ne abincinsu. Aikina shi ne in haɗa mace da namiji, in rubuta ranar, in jira sati uku ta haihu, sannan in raba 'ya'yan gwargwadon girmansu, kowane maciji da daidai bakinsa. Ba ma ba maciji ɓera da rai. Mukan kashe shi nan take ba tare da an wahalar da shi ba, sannan a miƙa da dogon awartaki. Kuma ba ma sa musu suna, lamba muke ba su. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, amma a unguwarmu, Ƙofar Gayan, abin da aka sani kawai shi ne Garba yana aiki tare da likitocin dabbobi. Ban taɓa gyara wa kowa ba.

A daminar wannan shekarar rufin ɗakin kiwo ya fara yoyo. Na rubuta takarda, aka ce an gani. Na sake rubutawa, aka ce fayil yana sama. Wata Asabar aka wuni ana tafka ruwa, silin ya jiƙe ya rufto a kan akwatunan kiwo. Waɗanda ba su mutu a ranar ba, sanyi da gudawa suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin kwana goma abin da ya rage mini mata biyar ne da maza biyu, a ɗakin da a da sai na yi awa biyu kafin in gama zuba abinci.

Manyan macizai ba su dame ni ba, don suna iya yin wata da watanni ba su ci ba. Matsalata ƙanana ce. Babbar kasarmu ta haihu kafin wannan ɓarna, kuma Dakta Maryam, shugabar sashenmu, ta ware 'ya'ya goma sha biyu don wani bincike da ta daɗe tana jira. Sunana aka rubuta a matsayin mai ciyar da su. Ɗan kasa a wannan girman bai fi tsawon tafin hannu ba, kuma ba abin da yake iya haɗiyewa sai jaririn ɓera wanda bai yi gashi ba, irin waɗanda muke kira jajaye. Daga haihuwa zuwa kwana huɗu suke da amfani. In suka wuce haka sun fi ƙarfin bakinsa. A cikin matan nan biyar kuwa guda ɗaya ce tak ke da ciki, lamba goma sha huɗu.

Dakta ta kira ni ofis ta tambaye ni ko ina da busasshen ɗaki a gida, inda zan ajiye ragowar ɓerayen kafin a gyara rufi. Abin da ya kamata in ce shi ne ba ni da shi. Sai na ji bakina yana cewa akwai wani ɗan ɗaki a jikin zaure na biyu, inda marigayi mahaifina yake ajiye hatsi. Haka na ɗauro akwatuna uku a bayan babur, na lulluɓe da buhu, na ratso Kongo na shiga birni kamar mai ɗauke da kayan sata. Ku duba fa, gidan da tun kakanni ake yaƙi da ɓera, da tarko da mage da magani, shi ne ni na shigo da guda bakwai da hannuna, har ina saya musu abinci. Matata Rabi ta leƙa ta gani, ta ce in dai ina so a zauna lafiya, kada in sake in taɓa mata kwano da hannun nan sai na wanke da sabulu sau uku.

Yanzu sai in gabatar muku da Gwaggo Dije. Yayar mahaifina ce, a lokacin ta haura tamanin. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, tun kafin in yi wayo, aka ba ta ɗakin da ke can ƙuryar tsakar gida. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana, Malam Ƙarami take ce mini. Ɗakinta yana da doka guda wadda duk unguwa ta sani: yaron da ya yi laifi aka biyo shi da bulala, in dai ya kai ga ɗaga asabarin ƙofarta ya shige, to ya sha. Uwa ko uba, iyakarsu bakin ƙofa. Ni kaina na ci moriyar wannan doka ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

To, ranar Talatar ina share akwati da safe kafin in tafi aiki, na ɗago lamba goma sha huɗu don in duba cikinta. Ta yi nauyi, bai fi saura kwana biyu ta haihu ba. Wani yaro ya buga ƙofar zaure da ƙarfi, ta firgita, ta zille daga hannuna. Ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta nufi cikin gida, na bi ta da kwando. Matan gida kowa ta watsar da abin da ke hannunta, wata ta hau turmi, wata ta shige kicin ta rufe. Ita kuwa da tulelen cikinta ta ratsa tsakar gidan nan kaf, ta wuce ɗakuna huɗu da ke buɗe, ba ta ga wanda ya yi mata ba sai na Gwaggo.

Na yi sallama na ɗaga asabari. Gwaggo na zaune a kan tabarma da carbi a hannu, kusa da ita ga lefen audugar da take kaɗi da ita tun lokacin da idonta ke gani sosai. Farar wutsiya na leƙowa daga cikin audugar.

Na ce, "Gwaggo, ɓeran wurin aiki ne ya shigo, zan ɗauka."

Ta ce, "Na gani. Da gudu ta shigo?"

"Da gudu."

"Kai ka biyo ta?"

"Ni ne."

"To, ai ka san dokar ɗakin nan."

Na yi 'yar dariya, na ɗauka tsokana ce irin tata. Na miƙa hannu, ta ɗora sandarta a kan lefen. Sannan ta tambaye ni me nake yi da su a wurin aikin. Na ce bincike. Ta ce wane irin bincike. Ina cikin kame-kame sai Rabi, da ke tsaye a bayana, ta ce ai macizai ake ba su. Allah ya sani har yau ban gama yafe wa Rabi wannan taimakon ba. Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ashe abin da nake fita yi ke nan kullum da guga a riga. Ta ce in tafi kada in makara.

A hanya na lallashi kaina. Na ce ai ba komai, mai ciki tana son wuri mai ɗumi da shiru, kuma duk gidan babu inda ya kai ɗakin Gwaggo. Ta haihu a can, in ta haihu in je in kwashe. Da yamma har da kai mata abincinta na ofis a murfin kwano. Gwaggo ta shinshina ta ce wannan ba abincin mai ciki ba ne. Na tarar ta riga ta ba ta ƙuli-ƙuli da gyaɗa da ɗan gutsuren fura, kuma ta raɗa mata suna Baturiya. Abin haushi, dabbar nan da na rena tun tana ja, da ta ji muryata sai ta ƙara nutsewa cikin auduga. In Gwaggo ta yi mata 'yar tsotsar leɓe kuwa, sai ta fito ta hau cinyarta, ta bi hannu ta haye kafaɗa ta zauna tana wanke fuska.

Ranar Alhamis da safe Rabi ta tare ni da albishir wai Baturiya ta sauka lafiya, tara. Na ɗauki ɗan kwali na nufi ɗakin. Na samu an hura gawayi a kasko don ɗumi, an toshe taga da tsumma, kuma wallahi ba ƙari nake yi ba, an dama kunun kanwa an zuba wa mai jego a murfin kwalba. Na durƙusa na gaishe da Gwaggo, na yi mata bayani a tsanake. Na ce uwar na bar mata, halak malak, ni zan san abin da zan faɗa a ofis. 'Ya'yan kawai nake so.

Ta ce, "Ba a fitar da jariri daga ɗakin nan sai ya kwana bakwai. In sun kwana bakwai ka zo mu yi magana."

Na ce mata a kwana bakwai sun ninka girmansu, sun fara gashi, ba su da sauran amfani a wurina. Ta ce to alhamdu lillahi. Na ce macizan za su mutu. Ta ce ita a tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin an yi zaman makokin maciji ba. Na kawo mata zancen manoma, na ce ta tuna mutanen da ake kwasowa daga gonakin bayan Kufena ƙafa a kumbure, da wannan dafin ake neman maganin da zai cece su. Ta saurare ni har na gama, ta yi wa manoman addu'a mai tsawo, ta yi wa masu binciken addu'a, ta sa mini albarka. Sannan ta ce bayan kwana bakwai.

Na fita raina a ɓace. A ofis kuma abin da na tarar ya fi haka. Biyu daga cikin 'ya'yan kasar sun riga sun mutu a farkon satin, ga na uku ya kwanta ko harshe ba ya fitarwa. Ba irin dabarar da ban yi ba. Na yanka naman babban ɓera ƙanana-ƙanana na miƙa musu, suka kau da kai. Na ce a bar ni in kamo tsaka ko 'yan kwaɗi, Dakta ta ce sam, suna ɗauke da tsutsar ciki, kuma za su ɓata mata binciken. Ta riga ta aika a kawo wasu ɓerayen daga wata jiha, amma an ce sai nan da sati biyu.

Ranar Juma'a ta tambaye ni labarin lamba goma sha huɗu. Na ce ta haihu, tara. Fuskarta ta washe, ta ce ina suke. Sai na faɗa mata gaskiya tun daga farko har kunun kanwa. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

Ta ce, "Malam Garba, so kake in rubuta a rahoto cewa macizai sun mutu saboda gwaggonka ta ce ana jego?"

Na ce a'a, ranki ya daɗe. Ta ce ita ma tana da tsofaffi a gida, ta san halinsu, amma dabbobin nan kayan cibiya ne, kuma da sa hannuna suka fita. Ta ba ni zuwa Litinin. In Litinin ta yi 'ya'yan kasa ba su ci ba, za ta ba ni takardar tuhuma, wadda muke ce wa kweri. Ga waɗanda ba su sani ba, kweri in ya shiga fayil ɗin mutum a shekarar da ake duba ƙarin girma, to sai dai ya jira wani zagayen. Ni kuwa shekara biyar ina jiran mataki na bakwai, kuma a wannan zagayen sunana ya fito.

Ranar Asabar na tafi wurin limamin masallacinmu, Malam Iro, mutum mai ilimi da natsuwa wanda Gwaggo take jin maganarsa. Na zayyana masa komai. Ya ce ai wannan ba abin wahala ba ne: ɓera ba dabbar da aka hana kashewa ba ce, kayan kuma amana ce a hannuna, ga shi abin da ake nema da su ceton rai ne. Ya ce in bar masa. Bayan azahar ya shigo gidan da babbar rigarsa, ya yi sallama a ƙofar Gwaggo, na zauna a zaure ina jira. Ya fi rabin awa a ciki. Da ya fito sai ga shi da goro biyu a hannu, yana ta gyaran murya. Ya ce Hajiya ta yarda da duk abin da ya faɗa, ba ta musa ko ɗaya ba. Sai dai ta tuna masa ranar da ya fasa tulun mahaifiyarsa yana ɗan shekara bakwai, da inda ya gudu ya ɓuya, da wadda ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam Garba, a yi haƙuri, kwana bakwai kamar yau ne." Ya ba ni goro ɗaya ya tafi.

Da yammar na leƙa wurin aiki, na ukun ya mutu. Saura tara.

Ba zan ɓoye muku ba, a ranar na ji haushin tsohuwar nan irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce wannan wace irin rigima ce, mutum da iyalinsa da aikinsa, a tsaya ana yi masa wasan yara da ɓera. Mace ce da ta sha sa ni in ɗana tarko a bayan tukwanenta, yau ita ce mai gadin ɓera saboda wannan fari ne kuma ya iya hawa kafaɗa. Na ɗauka tsufa ne kawai da son a ce ita ce mai gida. A kan haka na yanke shawarata.

Ranar Lahadi da hantsi, kwana na huɗu ke nan, Rabi ta raka Gwaggo dubiyar wata ƙawarta da ke kwance a asibiti a Kongo. Ina jin ƙarar kekensu ta yi nisa na tashi. Na ɗaga asabarin nan, karo na farko a rayuwata ba tare da sallama ba. Na jefa wa Baturiya gyaɗa a gefe, ta tafi ɗauka. Na buɗe audugar, ga su nan jajaye suna motsi a dunƙule. Na yi lissafi irin na ma'aikaci: in na kwashe duka za a gane, amma tsohuwar da ko zare ba ta iya zurawa a allura, ina za ta bambance tara da huɗu a cikin tarin auduga? Na ɗauki biyar, na bar huɗu, har da gyara audugar ta yi tudu kamar yadda na same ta.

Na hau babur na tafi. Na yi abin da aka koya mini, na zaɓi biyar da suka fi galabaita a cikin 'ya'yan kasar, na miƙa musu. Huɗu suka kama nan take, na biyar ya yi ta jan rai sannan ya kama. Gaskiya ita ce na ji daɗi ƙwarai. Na zauna a kan benci ina kallonsu suna haɗiya, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Har tsire na tsaya na saya a hanyar dawowa.

Na iso gida bayan la'asar. Tsakar gida shiru, ba mai daka, ba mai surutu. Rabi na wanke-wanke, na yi mata magana ba ta ɗago ba, sai cewa ta yi Gwaggo na kira. Na shiga na same ta zaune, lefen a kan cinyarta, hannunta ɗaya a cikin audugar. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Ba ta yi faɗa ba.

Ta ce, "Nawa ka ɗauka?"

Na ce ai wani lokaci uwar takan cinye 'ya'yanta in ta firgita, sananne ne a wurin masu kiwo. Wannan gaskiya ne, yana faruwa, amma ba shi ya faru ba.

Ta ce, "Malam Ƙarami, kada ka haɗa mini da ƙarya."

Na ce, "Biyar."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ba da ido take ƙidaya su ba, da yatsa take bi, safe da rana da yamma. Sannan ta ce:

"Shida na haifa a gidan mijina. Babu wanda ya kwana bakwai. Mai daɗewar cikinsu kwana biyar ya yi, har an sayi rago. Ko ɗaya ban ji an kira sunansa ba. Ni ba wai ban san ɓera ba ne, na san ɓera ne. So na yi kawai in ga an haifi abu a ɗakina, ya kai bakwai cif, ba a rage ko ɗaya ba."

Ni abin da na sani tun ina yaro shi ne Gwaggo ba ta da ɗa. Na taɓa jin mata suna cewa wabi ta yi, ban san ma'anar kalmar ba a lokacin, da na girma na sani kuma ban koma na yi tunani a kai ba. A gida ɗaya muke fiye da shekara arba'in. Ban san shida ba ne, ban san an sayi rago ba. Ga ƙunshin tsire a aljihu yana ta ƙamshi. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, in tashi in yi alwala, magariba ta kusa.

Ranar Litinin Dakta ta duba ta ga biyar da ciki a cike, ta ce aikina ya yi kyau. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba. Sauran huɗun suka daure har ɓerayen da aka aika a kawo suka iso, ɗaya ne kawai ya ƙara mutuwa. Aka gyara rufi, na mayar da akwatuna. Lamba goma sha huɗu da 'ya'yanta huɗu na roƙa aka cire su daga littafi, Dakta ta sa hannu tana girgiza kai. A ƙarshen shekara mataki na bakwai ya fito.

A gida kuwa, ranar da huɗun suka cika kwana bakwai Gwaggo ta sa aka soya ƙosai aka raba wa yaran unguwa sadaka, ba ta ce don me ba. Washegari ta aika aka kira kafinta. Ya haɗa wa Baturiya keji mai hawa biyu, sannan ta sa ya buga wa ƙofar ɗakinta ƙarfe ya rataya kwaɗo. Ƙofar da tun da aka gina ɗakin ba ta san kulle ba. Daga ranar ko bayan gida za ta zaga sai ta datse, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Sau da yawa ina zaune zan ga yaro ya sheƙo da gudu an biyo shi, ya ɗaga asabari ya ci karo da ƙofa a rufe saboda Gwaggo ta fita. Duk bulalar da aka yi wa yaro a bakin ƙofar nan, na san da hannuna a ciki.

Ba ta taɓa sake tayar da maganar ba. Muna gaisawa, tana sa mini albarka, in na yi tafiya ta ajiye mini fura. Shekara uku ta ƙara a duniya. Baturiya ta riga ta mutuwa, amma ta bar jikoki, kuma ta bakin Rabi nake aika shawara a raba maza da mata kada su cinye gidan.

To, abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku ci gaba da wannan aiki. Ba zan ce muku na yi nadamar ciyar da macizan ba. Dole su ci, aikin ke nan, kuma duk wanda zai riƙe ɗakin kiwo sai ya iya kallon abin da ya rena da hannunsa ya miƙa shi da awartaki. Abin da ke cina daban ne. Mu mutanen wannan sana'a mun iya bayani. Kwana huɗu na yi ina yi wa tsohuwar nan bayani, na nauyi, na girman baki, na manoma, har liman na ɗauko mata. Sau nawa ta ce mini kwana bakwai, amma ko sau ɗaya ban ce, Gwaggo, me ya sa bakwai ba. Na ɗauka mu kaɗai ne muke da dalilin ƙidayar kwanaki. Da na tambaya, wataƙila da mun sami mafita, wataƙila kuma da ba mu samu ba, amma da ban shiga ɗakin nan a ɓoye ba.

Har yau akwai fararen ɓeraye shida a gidana, zuriyar Baturiya, kowanne da sunansa. Ni nake sayo musu abinci, ni nake gane in ɗaya ba shi da lafiya, don duk birnin nan ba na jin akwai wanda ya fi ni sanin ɓera. Suna nan a ɗakin Gwaggo. Da ciwon ajali ya kama ta, muna zaune ni da Rabi a gabanta, ni ne na fi kusa da ita. Ta kwance makullin daga bakin zane, ta miƙa hannu ta tsallake ni, ta sa a tafin Rabi. In ina so in duba su, sai na jira Rabi ta gama abin da take yi ta zo ta buɗe mini, kuma tana tsaye har in fito.